Ciyawar da Rana Ta Kasa Ƙonawa

Ka fasa goro ka ajiye ɓari ɗaya a kan tabarma. Kafin ku gama gaisawa da baƙo, fuskarsa ta rine, farin ya koma ja mai duhu. Iskar oksijin ce ta taɓa shi, ita ce kuma ke sa ƙarfe tsatsa. Irin wannan ci yana faruwa a ƙwayoyin jikinmu a hankali, kuma sinadaran da ke rage masa kaifi su ake kira antioksidan.

Abin da ya ja hankalina shi ne inda masana suka je nemansu: ciyawar teku, wadda ke manne da duwatsu a gaɓar Japan da Koriya. Sau biyu a rana ruwa yakan janye ya bar ta a fili, rana ta gasa ta, gishiri ya bushe a jikinta, sannan igiyar ruwa ta dawo ta yi ta bugunta. Ba ta da ƙafar gudu, ba ta da inuwa. Sai Allah ya hore mata garkuwa a cikin jikinta: fulorotanin da ke tare zafin hasken rana, da fukozantin da ke ba ta launin ƙasa-ƙasa. Wahalar da take sha ce ta cika ta da abin da ake nema a wurinta yau. Ina tuna haka duk lokacin da na ga an raina wanda ya tashi cikin wuya.

Mutanen can sun riga ɗakin bincike sanin darajarta. A Koriya, miyar ciyawar miyok ake dafa wa mai jego, kamar yadda ake dama wa tamu kunun kanwa. Daga tokar ciyawar teku kuma Bernard Courtois ya gano aidin a Faransa a 1811, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo.

Amma masu tallan ƙwayoyin maganin da ake yi da ita suna wuce gona da iri, kuma abin yana damuna. Yawancin gwajin da ya nuna tana rage kumburi ko sukarin jini, a kwalba da jikin ɓeraye aka yi shi. Ciyawar teku mai suna kombu tana da aidin mai yawan da zai iya dagula wa glandar tayroyid da ke wuya aiki. Wata mai suna hijiki kuwa, a 2004 hukumar abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a su daina cinta, saboda gubar asenik da take tsotsa daga ruwan teku.