Abin Lura: Sunan da Ke Ƙarƙashin Hoto

Da zarar an kammala jarrabawar WAEC da NECO, sai hidimar yaye ɗalibai ta kankama a makarantun Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna, har zuwa Kebbe da Kuchi. Makarantar da ke da hali takan buga mujallar tunawa mai hotunan 'yan aji shida. Wadda ƙarfinta bai kai ba sai ta tsaya a kalanda mai falle ɗaya, irin wadda Islamiyyu ke rabawa ranar walimar sauka. Ɗalibai ne ke haɗa kuɗin, kwamitin malamai ya tara hotuna, mai kwamfuta ya tsara a CorelDraw, daga nan sai maɗaba'a. Aikin 'yan makonni ne, amma wanda ya bi shi daki-daki zai ga halinmu a ciki.

A fara da lissafin shafi. Mujallar da ake ɗinkewa da waya a tsakiya, kowane falle ninka shi ake yi ya ba da shafi 4. Don haka shafukanta sai dai su zama 16 ko 20 ko 24, babu zancen 18. Gwanin tsarawa, kafin ya taɓa kwamfuta, yakan ninka fararen takardu ya yi samfuri, ya rubuta abin da zai shiga kowane shafi. To, a nan ake raba filin. Bayan bango sai gwamna, sai kwamishina, sai shugaban ƙaramar hukuma, sai uban ƙasa, sai shugaban makaranta, kowa da cikakken shafinsa mai kala. Yaran da suka biya kuɗin kuwa a cunkusa su gunduwa-gunduwa a shafukan ƙarshe, har uwa ta kasa gane ɗanta. Girmama manya tarbiyyarmu ce, babu mai ja. Amma manyan nan hotunansu na ko'ina a gari, yarinyar da ta fito daga ƙauyen Kebbe kuwa, mai yiwuwa wannan ne karo ɗaya da za a buga fuskarta da sunanta a littafi.

Sai maganar gefe. Bayan an buga an ɗinke, akan sa mujallar a injin yanka a daidaita bakinta. Shi ya sa ake zarce da kalar shafi kamar milimita 3 bayan layin yanka, rubutu kuma a janye shi ciki. Mai son cika shafi maƙil ba ya barin gefe, sai wuƙa ta tafi da rabin sunan wanda ke layin ƙasa. Haka hoton aji da aka shimfiɗa a shafi biyu: wanda fuskarsa ta faɗa a ninkin tsakiya ya ɓace ke nan. Kullum na gefe da na lungu abin ke shafa, domin ba a tuna da su lokacin tsarawa ba.

Hoto ma yana da nasa sharaɗin. Wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi. A waya ya yi kyau, a takarda ya fito dishi-dishi, domin bugu yana son ɗigo kusan 300 a kowane inci. Gyaran wannan ba wuya: a karɓi hoton na asali daga mai ɗauka.

Inda aka fi sakaci shi ne ɗan rubutun ƙarƙashin hoto. A ƙasar da aji ɗaya kan tara Abubakar da Bello da A'isha da yawa, layi ɗaya ya goce, sai kowa ya ɗauki sunan maƙwabcinsa har ƙarshen shafi. Wani salon haruffan kuma ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sai su fito ɗan akwati ko a shafe musu lanƙwasa. Maɗaba'a takan fitar da gwaji, ta ce a duba a sa hannu kafin a yi farantin bugu. Sau da yawa malami ɗaya ne zai leƙa a tsaye, ya tabbatar an rubuta muƙaman manya daidai, ya ce a buga. Daga nan kuskure ɗaya ya hayayyafa sau adadin kwafin da aka yi oda.

Abin mamaki, mu ba baƙin aikin littafi ba ne. Tambuwal gari ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, malami mai waƙe. Masu kwafar littattafai da hannu a ƙasar Sakkwato, waɗanda ake ajiye da ayyukansu a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ba su da injin gyara, amma suna da ƙa'ida. Sukan rubuta kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda suka gama, don kada takardu su rikice. Sukan karanta kwafi a gwada shi da na asali. A ƙarshe da yawansu kan rubuta sunansu, su roƙi gafara a kan kuskure. Sun ɗauki harafi amana ne.

Kada a ce ai mujalla ce kawai. Hannun da ya yi ganganci da suna a mujalla, shi ne ke cika rajistar jarrabawa. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma iyaye sun san irin zirga-zirga da kashe kuɗin da harafi ɗaya ke jawowa idan takardu suka saɓa wa juna.

Don haka, shugabannin makarantu da 'yan kwamiti, a rage shafukan manya a faɗaɗa na ɗalibai. Idan gwaji ya fito, a liƙa shi a allon sanarwa, kowane yaro ya ga fuskarsa, ya karanta sunansa, ya sa hannu, sannan a ce wa maɗaba'a ta buga.