Minti Arba'in da Biyar

Motoci biyu suka bar Agadas bayan sallar asuba, cikin tsakiyar hunturu, suka fuskanci gabas. Aikin da ya fitar da su shi ne duba rijiyoyin da ke kan hanyar ayarin gishiri, daga Agadas zuwa Fashi har Bilma: a auna zurfin kowace, a ɗebi ruwanta a kwalba don gwaji, a rubuta ainihin inda take. Shugaban tafiyar injiniyan ruwa ne daga Yamai, mutum mai ƙwazo, ba a taɓa kama shi da ha'inci a aiki ba, sai dai ba ya son a maimaita masa magana. Tare da shi akwai wata ɗaliba mai neman sanin makamar aiki, kowa na kiranta Auta don ita ce ƙarama, da direbobi biyu, da wani tsohon Ba'abzine da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan raƙuma zuwa Bilma. Shi Madugu ake ce masa. Ba Injiniya ne ya nemi a ɗauke shi ba, daga sama aka ce ba a shiga hamadar Tenere babu ɗan ƙasa.

Abin da Injiniya ya dogara da shi yana gaban mota, ƙarƙashin gilashi: wata 'yar na'urar GPS da ba ta fi akwatin ashana ba. Ba igiya a jikinta. Ta Bluetooth take aika wa kwamfutar hannunsa inda suke, ɗigo ya bayyana a kan taswira. Irinta matuƙa ƙananan jirage ke ajiyewa a gabansu, irinta masu safiyo ke rataya a wuya. Ba ruwanta da sabis ɗin waya, wanda tun a bayan gari ya ɗauke. Saboda wannan dogaro, da aka rasa wurin sa kayan awo, Injiniya ya sa aka sauke jarkokin ruwa huɗu a Agadas. Ya ce gobe kafin la'asar suna bakin rijiyar Itacen Tenere, a can za su cika.

Da dare suka yada zango. Madugu ya hura gawayi ya ɗora shayi, babban direba kuma ya ce wa Injiniya don Allah ya warware masa yadda wannan ɗan abu ke sanin inda mutum yake. Nan fa aka taɓo masa inda yake so.

Ya ce taurarin ɗan'adam ne ke kewaya duniya, can sama da kilomita dubu 20, kowane yana zagayowa sau biyu a kwana ɗaya. Sojojin Amurka suka harba na farko a 1978, kuma 24 ake buƙata don kowane lungu na duniya ya samu. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba ya gajiya da shelar abu biyu: ga inda nake, ga ƙarfe nawa. Na'urar saurare kawai take yi. Ta duba jinkirin da saƙon ya yi kafin ya iso, ta juya shi zuwa nisa. Saƙon yana gudun kilomita dubu 300 a daƙiƙa, don haka in aka kuskure kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, an kauce da mita 300. Shi ya sa taurari uku ba su isa ba, sai da na huɗu, wanda ke gyara agogon na'urar, tun da nata agogon na talaka ne. Ya ƙara da cewa da can Amurkawa da gangan suke gurɓata saƙon farar hula, har mutum ya kauce da kusan mita 100, sai a watan Mayun 2000 suka daina. Yanzu kuwa Rasha da Turai da Sin kowa na da nasa taurarin, kuskuren bai wuce 'yan taku ba.

Madugu ya miƙa masa kofi na biyu, ya ce, "To ita wannan, ta taɓa zuwa rijiyar?"

"Ba ta buƙatar zuwa, Baba. Lamba ake ba ta."

"Wa ya ba ta?"

"Ni. Daga tsohuwar taswira na kwafo."

Madugu ya gyaɗa kai. Sai ya ba su labarin itacen da aka sa wa rijiyar sunansa: itacen ƙaya guda ɗaya tilo a tsakiyar rairayi, wanda ayari ke hangowa su yi hamdala, ba mai karya reshensa don dafa shayi, ba mai barin raƙuminsa ya ci ganyensa. A 1973 wani direban babbar mota, duk faɗin Tenere, ya rasa abin bankewa sai shi. An kwashe gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a gurbinsa. Direbobin suka yi dariya mai ɗan ɗaci, don abin kunyar gidansu ne.

Washegari hazo ya sauko. Rana ta zama farar tasa da ake iya kallo da ido, iska ta share sawun motocin da suka riga su, gaba da baya duk abu guda. Na'urar ko a jikinta, don ƙura ba ta tare saƙon tauraro. Injiniya ya ce a bar laluben sawu, a bi kibiyar da ke kan allo.

Wajen hantsi Madugu ya leƙa ta taga ya daɗe yana duban ƙasa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma ita ke tsefe rairayi ta bar masa layi-layi. Wanda ya bi hanyar nan da ƙafa ya san yadda ya kamata ya yanka waɗannan layuka, ya san kuma ta wane kunci iska za ta mare shi.

"Injiniya, mun sauka kudu."

Injiniya ya juyo masa da allon. "Ga kibiya, Baba. Ko taku ɗaya ba mu kauce ba."

"Iska ta koma mini gefen hagu sosai. Ba haka take ba in an nufi rijiya."

"Iska tana juyawa. Tauraro ba ya juyawa."

Ƙaramin direba, da ya matso da motarsa don jin abin da ya tsayar da su, ya tuntsire da dariya. Ba Injiniya ne ya yi dariyar ba, amma bai tsawata ba. Madugu ya ja amawalinsa ya rufe baki, ya jingina, bai sake cewa uffan ba. A ransa ya ce bari su je, rairayi zai koya musu.

Akwai kuma wani shirun a kujerar baya. Da safe, lokacin da Auta ke tattara takardu, idonta ya faɗa kan wadda Injiniya ya kwafo lambobin: 17°45′ arewa, 10°04′ gabas. Da ta dubi allo kuma ta ga 17.45 da 10.04. Wani abu ya ɗan sosa mata rai. Amma ta ce wa kanta mutumin da ya fara aikin nan tun ba ta shiga aji ɗaya ba, ita ce za ta gyara masa lissafi a gaban direbobi? Ta ninke takardar ta mayar cikin jaka. A gidajenmu ana yabon yarinya da irin wannan, a ce tana da kunya, kuma sau da yawa yabon daidai ne. Sai dai ba a koya mata inda kunyar ke tsayawa.

Ana gab da la'asar kwamfutar ta yi ƙara, ta rubuta cewa an iso. Suka fito. Ba rijiya, ba itacen ƙarfe, ba kashin raƙumi ko guda, wanda ba a rasa shi a kewayen kowace rijiya. Rairayi ne kawai da hazo.

Injiniya ya kashe na'urar ya kunna. Ta kama taurari sama da goma, ta ce nan ne. Ya ɗauko wayarsa, ita ma ta ce nan ne. Ya ce lalle rijiyar tana kusa, hazo ne ya ɓoye ta, a kewaya. Suka yi awa guda suna zagaye, kowane zagaye ya fi na baya faɗi, mai yana ƙonewa. Ana cikin haka lagireton ƙaramar motar ya fara yoyo, ya shanye rabin jarka. Babban direba ya ƙirga abin da ya saura, ya ce in an yi tsimi, ruwan kwana guda ne da rabi. Akwai wayar tauraro ta Thuraya a cikin jaka, ana iya kiran Agadas, tun da ita GPS ba ta kiran kowa, ba ta kuma gaya wa kowa inda kake sai kai da ke riƙe da ita. Amma ko an kira, kafin a haɗa mota a ƙetare sama da kilomita 200 cikin wannan hazo, jarkokin sun kusa bushewa. Ƙaramin direba, mai dariyar ɗazu, ya ce dama shi bai taɓa yarda da kayan Nasara ba.

Madugu ya yi taimama ya yi sallah, ya zauna gefe. Babban direba ya durƙusa gabansa.

"Baba, a yi haƙuri. Ina rijiyar?"

"Arewa."

"Nisan me?"

"Yinin raƙumi, ko ƙasa da haka. Amma ba zan yaudare ku ba. Da sarari ne, ko da dare ne taurari a buɗe, sai in kai ku. Cikin wannan hazo ina iya wuce ta da ɗan nisa ban gan ta ba, kuma man ku ba zai ɗauki lalube ba."

Auta na jin ya ce arewa, gabanta ya faɗi. Ta zuba ruwa kaɗan a kofi ta kai masa, ta tsuguna, ta nuna masa takardar duk da ta san ba ya karanta boko, ta gaya masa cikin raɗa abin da ta gani da safe.

"'Yata, me ya hana ki faɗa?"

"Nauyi nake ji, Baba."

"Ke nauyi, ni fushi. Nawa ya fi muni, don ni na tabbata, ke zato kike." Ya ɗaga murya. "Injiniya! Zo, 'yata tana da tambaya."

Ta yi ta a matsayin tambaya kuwa. "Yallaɓai, wannan 45 da ke takarda, minti ne ko kashi cikin ɗari?"

Injiniya ya karɓi takardar. Ya dube ta, ya dubi allo. Tsofaffin taswirori suna raba digiri guda zuwa minti 60, kamar awa. Manhajar kwamfutarsa kuwa an saita ta ne kan digiri da ɗigo, inda ake raba shi goma-goma, ɗari-ɗari. Minti 45 kashi uku ne cikin huɗu na digiri, wato 17.75 ya kamata ya rubuta. Shi kuwa ya cire alamar digiri ya sa ɗigo, ya bar 45 yadda take. Auta ta zana lissafin da yatsa a kan rairayi: bambancin 0.30 ne, digiri guda daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, an samu kilomita 33. Ta ɓangaren gabas kuma minti 4 sun zama 0.067 maimakon 0.04, kusan kilomita uku. Rijiyar tana arewa, ta ɗan karkata gabas, nisan yinin raƙumi.

Tun daga Agadas na'urar ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Inda aka aike ta, nan ta kai su.

Kowa ya zuba wa Injiniya ido. Yana iya cewa taswirar ce ta tsufa, yana iya cewa manhajar ce ba ta da kyau, ba kuma mai iya musa masa sai Auta, ita kuwa ba za ta yi ba. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙa mata kwamfutar.

"Shigar da ita da hannunki. Ki duba sauran wuraren ma, duk a dare ɗaya na shigar da su." Ya juya wajen tsohon. "Baba, ka gaya mini tun da hantsi. Ka yafe mini."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ku rage iskar tayoyi, akwai tuddai a gaba."

Akwai su kuwa. Kibiya ta miƙe sak zuwa arewa, don ita ba ta san tudu ba, ba ta san rairayi mai laushi da ke haɗiye mota har ciki ba. Madugu ya koma kujerar gaba. Shi ke nuna kwarin da za a bi tsakanin tuddai, yana kauce wa gefen da iska ta tara laushi, Auta kuma daga baya tana karanto abin da ya rage: saura 20, saura 12, mun karkata yamma, saura biyar. In ya kauce don ƙasa, ita ta dawo da su kan layi. Sau ɗaya suka kafe, Injiniya ya riga kowa ɗaukar shebur.

Ana kiran magariba a wani wuri can da ake da masallaci suka fara ganin kashin raƙuma, sannan ƙarfen nan ya fito daga cikin hazo, bai fi taku ɗari ba a gabansu. Ruwan rijiyar yana da nisa, yana da zartsi, ba wanda ya yi ƙorafi. Auta ta gama duba jerin wuraren, ta tarar har Fashi da Bilma duk da ɗigo aka shigar da su. Ta gyara su ɗaya bayan ɗaya, Injiniya na riƙe mata fitila yana karanto mata lambobin, ita tana raba minti da 60.

Da aka cika jarkoki, Madugu ya sa hannu ya ɗauko 'yar na'urar daga gaban mota, ya jujjuya ta a tafinsa.

"Injiniya, nawa ake sayar da wannan a Yamai?"

Injiniya ya gaya masa.

"Kai! Kuɗin akuya nawa ke nan." Ya mayar da ita inda take. "In mun koma ka samo mini ɗaya. Jikana ne ke jan raƙuman yanzu, kuma ya yi lakkwal har aji shida. Amma 'yata ce za ta koya masa."