Kare Da Karuwa: Wa Ya Cancanci Tausayinmu?

Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan fara wannan maƙala da tona wa kaina asiri. A damunar da ta wuce na karanta wasu littattafai biyu a jere, dukkansu daga ƙasar Amurka, dukkansu kuma labaran gaskiya. Na farko labarin wasu karnuka ne da aka ceto daga hannun masu haɗa su faɗa don caca. Na biyu kuwa labarin wata mata ce da ta yi suna a finafinan batsa, daga baya ta fito ta faɗi abin da ta ce ya same ta. Na farkon sai da ya sa na yi ƙwalla. Na biyun kuwa tun daga shafin farko na ɗaure fuska na koma alƙali, ina ta yi wa matar tambayoyin ƙure a zuci. Da na ajiye su sai na tambayi kaina: yaya aka yi ni da ko kare ya shafi rigata sai na nemi ruwa, na fi saurin tausaya wa kare a kan 'yar Adam?

Bari in fara kawo wa mai karatu abin da littattafan suka ƙunsa, don mu yi tafiyar tare.

A watan Afrilun 2007 'yan sanda suka shiga wani gida a jihar Bajiniya mallakar Michael Vick, shahararren ɗan wasan ƙwallon nan na Amurkawa da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Can suka tarar da karnuka masu yawa, wasu ɗaure da sarƙoƙi, waɗanda ake horarwa don faɗa. Bincike ya nuna cewa karen da bai nuna bajinta ba, akan rataye shi ko a nutsar da shi a ruwa. A watan Disamba na wannan shekara kotu ta ɗaure Vick wata 23, ya kuma biya fiye da dala 900,000 don kula da karnukan. A al'adar wancan lokaci, karen da aka kama a harkar faɗa kashe shi ake yi, har ma wasu manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi sun ba da shawarar haka. Amma sai aka tura masana suka gwada halin kowane kare shi kaɗai. Daga cikin 51, guda 47 sun tsira, ɗaya tak aka kashe saboda tsananin faɗa. Guda 22 aka kai wani gidan renon dabbobi a jihar Yuta, wasu suka shiga gidajen mutane, har aka samu wanda yara ke zama kusa da shi a laburare suna koyon karatu. Wannan shi ne labarin da ɗan jarida Jim Gorant ya rubuta a littafinsa The Lost Dogs, wato Ɓatattun Karnuka, a 2010.

Na biyu shi ne Ordeal, wato Uƙuba, wanda Linda Boreman, da duniya ta sani da Linda Lovelace, ta rubuta tare da ɗan jarida Mike McGrady a 1980. Ita ce ta fito a wani fim na batsa a 1972 wanda ya tara dukiya mai yawa. A littafin ta ce mijinta na lokacin, Chuck Traynor, shi ya tilasta ta da duka da barazanar bindiga, ko ɗan ladan da aka biya ma hannunsa ya shiga. Shi ya musanta zancen tilastawa, waɗanda suka yi aikin da ita kuma bakinsu ya rabu. Kafin mutane su saurare ta sai da aka ɗora ta a kan na'urar gane ƙarya. A 1986 ta ba da shaida gaban kwamitin gwamnatin Amurka mai binciken harkar batsa, ta kuma rasu a 2002 sakamakon haɗarin mota, tana da shekara 53.

To, mu koma ga tambayarmu. A nawa ganin, tausayin kare yana da araha ne saboda dalilai biyu. Na ɗaya, kare ba ya magana, saboda haka ba ya yin tufka da warwara, ba a kuma kama shi da ƙarya. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, kare ba ya tuhumar mai karatu. Idan na karanta labarin karnukan Vick, mugun yana can nesa, attajiri ne a wata ƙasa, ni kuwa ina zaune cikin sahun mutanen kirki. Labarin Linda ba ya barin mutum ya zauna lafiya haka. Yana nuna cewa ba a yin fim sai da mai kallo, kuma kuɗin mai kallo ne ke ciyar da wanda ya riƙe bulala. Wanda aka nuna da yatsa kuwa, abu mafi sauƙi gare shi shi ne ya ce mai yatsan maƙaryaciya ce.

Na san wani zai ce da ni, Malam, ka haɗa abin da bai haɗu ba. Kare ba shi da hankali, ba shi da zaɓi, ba a kuma rubuta masa zunubi. Mace baliga kuwa tana da ƙafar gudu da bakin neman taimako. Daɗin daɗawa, ita wannan matar, a 1973 da 1974 an buga littattafai biyu da sunanta suna yabon wannan harka. To wace Lindar za mu gaskata? Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Lalle ɗan Adam abin tambaya ne a kan aikinsa, kuma marubucin da ya haɗiye duk abin da aka gaya masa ba tare da bincike ba ya ci amanar alƙalami.

Amma mu lura da abu guda. Waɗancan littattafai biyu na farko sun fito ne a zamanin da sunanta ke hannun masu cin riba da ita, ita kuma ta ce maganganun da ke ciki ba nata ba ne. Ashe ke nan suna a bangon littafi ba ya tabbatar da wanda ya riƙe alƙalamin. Sannan bincike daban, tausayi daban. Ina iya shakkar wani shafi na labarinta, in kuma yarda cewa mutum ce da aka wulaƙanta. Kuskurenmu shi ne mun mayar da tausayi lada, ba ma biyan sa sai ga wanda ya zo mana fari tas kamar farar takarda. Idan haka ne kuwa, a cikinmu wa zai samu?

Abin da ya ceci karnukan nan shi ne an ƙi yanke musu hukunci a dunƙule. An ce a duba kowanne da halinsa, kada a ce ai irinsu duk haka suke. Abin kunya ne a ce an yi wa kare wannan adalci, mu kuma mu hana shi ga mace, mu ce ai irinsu duk haka suke.

Abin mamaki, addininmu ya daɗe da haɗa waɗannan biyu wuri guda. Ya zo cikin Bukhari da Muslim cewa wata karuwa ta ga kare yana kewaya rijiya ƙishirwa na neman kashe shi, ta cire takalminta ta ɗebo masa ruwa, aka gafarta mata saboda haka. Dubi yadda labarin bai wanke sana'arta ba, bai kuma canza hukuncin kare ba, amma ya nuna mana rahama tana gudana tsakanin halittu biyu da jama'a ke ƙyama. Mu da muka taso da wannan hadisi bai kamata wani ya riga mu fahimtar wannan darasi ba.

Yanzu ina amfanin wannan duka ga marubuci? Kowane ɗayan littattafan nan yana da ramin da za a iya faɗawa. Mai rubuta labarin wanda ba ya magana yana iya cusa masa tunanin da ba nasa ba. Gorant kansa akwai wuraren da yake ba da labari kamar daga cikin zuciyar kare, kuma nan ne mai karatu ya kamata ya tuna cewa hasashe ne. Mai rubuta labarin ƙazanta kuwa yana iya fakewa da guzuma ya harbi karsana, ya ce wa'azi yake yi alhali tallar abin yake. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: idan mai karatu ya rufe littafin, me ya rage masa a rai? Sha'awar ya leƙa abin da aka kwatanta, ko kuwa fuskar mutumin da abin ya faɗa wa?

Mu marubutan Hausa mun yi nisa a ƙagaggun labarai, kuma irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu sun nuna tun shekarun 1980 da 1990 cewa ana iya taɓa inda ke yi wa mata ciwo. Amma littattafan labarin gaskiya na mutanen da ke gefen hanya sun yi mana ƙaranci. Ga yarinyar da aka kai aikatau birni, ga wadda ta gudu daga auren dole ta ƙare a gidan magajiya, ga almajirin da ya girma a tasha. Duk wanda zai rubuta labarin ɗayansu, ina ba shi shawara huɗu. Ya nemi izininta, ta kuma san inda maganarta za ta je. Ya bincika abin da ta faɗa, ya ji ta bakin wasu. Ya suturta abin da faɗinsa ba zai ƙara komai ba sai jan hankalin masu leƙe. Idan kuma littafin ya kawo kuɗi, kada ya manta da mai labarin, domin in ya cinye shi kaɗai, me ya raba shi da waɗanda suka fara cin riba da ita?

Hausawa dai sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Yana bin mai haɗa karnuka faɗa, yana bin mai riƙe da bulala, yana kuma iya bin mai riƙe da alƙalami. Ni kam na koma na sake karanta littafin Linda, wannan karon ba a kujerar alƙali ba. Allah ya sa mu dace, ya kuma tsare alƙalumanmu daga cin amana, amin.