Mai Kallon Wuta da Mai Tsoron Wuta

 

A Madawa da Buza da Keita akwai 'yan'uwa muridai waɗanda Allah ya sa abincinsu a bakin alli. Da asuba suna zaune kan buzu suna jan wuridi, da hantsi suna tsaye gaban allo a lise, yara na ce musu "mushe", suna karantar da adabi cikin Faransanci ga masu shirin jarrabawar bak. Cikin littattafan da kan faɗo hannun irin wannan malami akwai masu zancen zunubi da makomar mai yin sa, akwai kuma masu yi wa azzaluman shugabanni gugar zana. Sau da yawa abin da 'yan'uwa ke tambaya shi ne ko ya halatta musulmi ya karantar da littafin wanda ba musulmi ba. Wannan mai sauƙi ce, domin malamai tun dā suna karanta maganar wanda suka saɓa da shi don su san ta. Tambayar da ta fi nauyi ita ce: idan littafi ya buɗe wa yaro ƙofar wuta ya leƙa, a ina yake tsayar da shi? Cikin 'yan kallo, ko cikin waɗanda za a yi wa hisabi?

A ɗauki Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321, wanda Turawa ke ɗauka uban duk mai siffanta lahira a adabinsu. Ya tsara wuta hawa tara, kowane zunubi da ma'auninsa. A 1919 wani masani ɗan Sifaniya, Asin Palasiyos, ya kawo hujjoji cewa tsarin yana da kama da ruwayoyin Isra'i da Mi'iraji da rubuce-rubucen Ibnu Arabi, kuma har yau masana na muhawara a kai. Kamar dai tana nan, amma akwai rami mai zurfi tsakani. A hadisan Mi'iraji, abin da aka nuna wa Manzon Allah (SAW) nau'o'in aiki ne: ga masu cin riba, ga masu cin mutuncin mutane suna yagar fuskokinsu da farce na tagulla. Inda aka ambaci sunan wani ɗan wuta a Alƙur'ani ko hadisi, wahayi ne ya ambace shi. Shi kuwa Dante, wanda aka kora daga garinsu Fulorans a 1302, da kansa ya raba ɗakuna, ya zuba abokan gabarsa na siyasa da sunayensu, har bakinsa ya kai ga Fiyayyen halitta, wal'iyazu billahi. Wannan cin mutunci ba ya buƙatar dogon bayani wurin muridi. Abin da ke buƙatar bayani shi ne ɗabi'ar da ta haife shi: mutum ya hau kujerar da ba tasa ba, ya riƙa yanke wa bayin Allah makoma, yana jin daɗin hakan. Muslim ya ruwaito labarin wanda ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aka gafarta wa wanen, aka rushe aikin mai rantsuwar.

Yaron Adar da Gobir ba baƙo ba ne ga waƙar wuta. A Maratta, cikin yankin da yau yake jihar Tawa, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Waƙarsa Tabbat Haƙiƙa, wadda 'yarsa Nana Asma'u ta mayar Hausa, tana jero laifuffukan masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa, tana yi musu bushara da azaba ba sassauci. Idan zafi ake nema, ba ta gaza ta Dante ba. Sai dai a lura da waɗanda aka yi wa ita. Bayan an ci nasarar jihadi aka yi ta, lokacin da mulki ya dawo hannun jama'ar Shehu. Wato gargaɗin na 'yan gida ne, na almajiransa da 'ya'yansa da suka zama sarakuna. Ba ta kama sunan kowa ba, ta kama aiki, don haka duk wanda ya ji ta sai ya shafa jikinsa. Haka waƙoƙin wa'azi suke, har zuwa Infiraji ta Aliyu Namangi da makafi ke rerawa a kasuwanni: mai rerawa yana cikin masu tsoro, bai tsaya a bakin ganuwa yana nuni da yatsa ba.

A fagen gugar zanar mulki abin ya fi santsi, saboda a nan akwai dariya, ita kuwa dariya tana shiga zuciya ba sallama. Littafin Orwel na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara da sunan Gandun Dabbobi, labari ne na dabbobin da suka kori mai gona saboda zaluncinsa, aladu suka karɓi ragama, a hankali suka koma abin da suka kora. A Nijar ma akwai na gida. A 1977 Amadu Usman ya fitar da littafinsa kan shekaru goma sha biyar na farkon mulkin kai, inda aka gurfanar da wani babba bisa karkatar da abincin agaji a lokacin fari. Dattawan Buza da Keita da suka ga yunwar 1973 da 1974 ba sa buƙatar a fassara musu wannan. Irin waɗannan littattafai suna da amfani na gaske. Suna koya wa yaro yadda ake juya kalma har ƙarya ta sa rigar doka, da yadda tsoro ke sa jama'a su ƙaryata abin da idonsu ya gani. Wanda ya hana yaro wannan ilimi da sunan tsoron Allah ya miƙa shi ga duk maƙaryacin da ya fara riskarsa.

To amma aji a ƙaramin gari ba aji ba ne a Faris. A Buza kowa ya san kowa. Da zarar mushe ya karanta siffar alade mai ɓoye madara, kafin ya rufe shafi rabin ajin sun sa masa suna: ɗan kasuwar da ya tara hatsi yana jiran bazara, ko wanda aka damƙa wa rabon agaji a ƙauye. Ɗan mutumin kuwa yana nan a benci na uku, kansa a sunkuye. A wannan lokaci darasin adabi ya koma majalisar giba, wadda Suratul Hujurati ta kwatanta da cin naman ɗan'uwa matacce, malami kuma shi ne ya kawo wuƙa.

Wani zai ce wannan kariya ce ga azzalumai, irin shirun da ake zargin 'yan ɗariƙa da shi. Zancen yana da ƙafa, bai kamata a ture shi da gaggawa ba. Imam Gazali a cikin Ihya ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da neman taimako don gusar da munkari. Shehu da kansa ya rubuta Kitabul Farƙ yana tona asirin harajin sarakunan Haɓe. Saboda haka faɗin gaskiya ga mai mulki yana da gurbi a cikin tafarki. Amma duk wuraren da Gazali ya kawo suna da manufa: a gyara, a kare wani, a karɓo haƙƙi. Dariyar aji ba ta mayar wa kowa tiya ɗaya ta hatsi ba. Abin da ta bari shi ne yara arba'in da suka fita suna jin sun fi wani, kuma malaman tarbiyya sun daɗe da cewa zunubin da ya haifi ƙasƙantar da kai ya fi sauƙin magani a kan ɗa'ar da ta haifi girman kai.

Aikin malami muridi, ke nan, shi ne ya juya madubin. Maimakon ya tambayi wa alade ke wakilta, sai ya tambaya yaushe aladun suka fara lalacewa, tun da su ma da farko waɗanda aka zalunta ne. Amsar tana cikin littafin: ranar da suka keɓe wa kansu ɗan abu kaɗan suka samo masa hujja. Wannan yaro ya san shi a kansa, daga satar amsa ranar jarrabawa zuwa cin kason ƙaninsa idan an aike su tare. Daga nan maganar nafsul ammara ta shigo aji ba tare da an buɗe littafin sufanci ba, ba kuma tare da malami ya mayar da darasin gwamnati zaman wa'azi ba, wanda shi ma cin amanar aiki ne.

Saura abu guda da waɗannan littattafai suka rasa. A ɗaya littafin Orwel, wanda ya fito a 1949 mai suna 1984, an murƙushe jarumin har ya koma son wanda ya azabtar da shi, aka rufe a haka. Babu tuba, babu ranar da za a tsayar da azzalumin gaban wanda ya fi shi. Tsoro ne tsagwaro, alhali magabata sun kwatanta tsoro da fata da fukafukan tsuntsu biyu. Yaron da aka ciyar da wannan kaɗai yakan tashi da tunanin cewa duk mai mulki ɓarawo ne, duk mai gyara wawa ne, sai ya zauna jiran nasa rabon. A Keita amsar ba ta da nisa da makaranta. Ainihin shekarar 1984 ta zo wa Adar da fari da yunwa, kuma a cikinta aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a kan fako don tsare ruwa, ana biyansu da abinci. Da yawa daga cikin yaran da ke zaune a ajin jikokin matan nan ne, kuma itatuwan da suka tsiro bayan jeren duwatsun ana ganin su daga hanyar Tawa.