Haƙƙin Mayunwaci a Kan Hukuma: Tsakanin Hoover da Roosevelt

Karyewar tattalin arzikin Amurka da ta biyo bayan faɗuwar kasuwar hannun jari a watan Oktoba na 1929 ta farfaɗo da wata tsohuwar tambaya a falsafar mulki, wato ko ciyar da mayunwaci haƙƙi ne da ya rataya a wuyan hukuma, ko kuwa sadaka ce da aka bar wa masu hali.

Shugaba Herbert Hoover, wanda ya yi suna wajen kai wa mutanen Beljiyam abinci a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba za a kira shi marar tausayi ba, sai dai ya yi imani cewa kuɗin gwamnatin tarayya in suka shiga hannun talaka kai tsaye za su kashe masa zuciya, don haka ya bar nauyin a kan jihohi da ƙungiyoyin agaji irin su Red Cross. A lokacin farin da aka yi a 1930 ya amince da ba manoma rancen dala miliyan 45 na iri da abincin dabbobi, amma ya ƙi a haɗa da abincin manoman kansu, kuma a 1932 ya kafa hukumar ba bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa rance, alhali marasa aiki na kwana a bukkokin kwali da tsohon kwano da aka laƙaba wa sunansa.

Da Franklin Roosevelt ya hau mulki a watan Maris na 1933, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba su da aiki, sai ya ware dala miliyan 500 na agaji ta hannun jihohi. Amma shi ma a 1935 ya kamanta zaman jiran tallafi da ƙwaya mai sa maye, ya karkata ga ayyukan gina hanyoyi da makarantu domin mutum ya ci guminsa, dokar fanshonsa ta wannan shekara kuwa ta tsame leburorin gona da 'yan aikatau, waɗanda baƙar fata suka yi yawa a cikinsu.

Ke nan shugabannin biyu sun yi tarayya a tsoron mutuwar zuciya, sun saɓa ne a kan wanda alhakin yunwa ke kansa. Hujja tana tare da Roosevelt, domin idan masifa ta game gari har mai bayarwa ya koma mai nema, sadaka ba ta da inda za ta fito. Hukuma na iya taƙaita yawan tallafi da wa'adinsa, ta kuma sharɗanta aiki ga mai ƙarfi, amma ba ta da hurumin barin rai ya salwanta da sunan kare tarbiyya.