Me Kuka Karanto Mana?

Mu uku ne muka yanki tikiti a ƙofar babban ɗakin karatu na Iskandariyya: ɗan Ƙanƙara, ɗan Faskari da ɗan Sabuwa. Taron masu haɗa manhaja ne ya kai mu Alƙahira, da muka sami hutun yini guda sai muka hau jirgin ƙasa zuwa bakin Bahar Rum. Gani ya kori ji. An buɗe ginin a 2002, rufinsa kamar ƙaton faifai da aka jingina yana kallon teku, bangonsa na dutse an sassaƙe shi da haruffan rubuce-rubucen duniya kusan 120, kuma an tsara shi ya ɗauki littafi miliyan takwas. Mai yi mana jagora ta tsayar da mu a wani dandamali, muka leƙa ƙasa muna kallon masu karatu hawa-hawa, kowa ya duƙufa. Muka yi hotuna. Ba mu cika awa ɗaya ba muka fito neman gasasshen kifi, babu wanda ya taɓa ko bangon littafi a cikinmu.

A jirgin komawa ne saƙon murya ya shigo wa ɗan Faskari daga kawunsa, wanda ya ga hoton a WhatsApp: "Masha Allah, gini ya yi gini. To ku yaran nan, me kuka karanto mana?"

Dariya muka fara yi, daga baya muka yi tsit. Mun je gidan littattafai mun dawo da hoton kanmu. Riya ce wannan, ko kuwa akwai wani abu na halal da mutum ke samu daga kallon wurin da bai yi amfani da shi ba?

Ɗan Sabuwa ne ya fara kare mu, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce Bahaushe ya san ziyara tun kafin a zo masa da yawon buɗe ido. Wanda ya je Hubbaren Shehu a Sakkwato, ko ya tsaya gindin hasumiyar Gobarau a Katsina, ba darasi ya je ɗauka ba, kuma ba a ce ya yi asarar kuɗin mota. Ya je ne ya ga girman abin da idonsa, domin girman da aka gani ya fi zama a zuciya. Ya kuma tuna mana cewa a farkon 2011, lokacin boren da ya kawar da Hosni Mubarak, matasan Iskandariyya sun riƙe hannun juna sun kewaye wannan gini don kada a taɓa shi. Da wuya a ce dukkansu masu zaman karatu ne a ciki. Wataƙila wani sau ɗaya aka taɓa kai shi yana yaro, ya ɗaga kai ya buɗe baki kamar yadda muka yi. Idan kallo na iya sa mutum ya tare wa littafi dutse da ƙirjinsa, ai bai kamata a raina kallo ba.

Mun yarda da shi, amma rabi. Mai ziyara yana komawa gida da nauyi a kansa, ko da na addu'a ne. Mu da me muka koma?

Abin da ya fara zuwa bakinmu shi ne zagin gwamnati, don ya fi sauƙi. Tun 1964 aka kafa Laburaren Ƙasa na Najeriya, a 2006 aka ba da kwangilar gina hedikwatarsa a Abuja, kusa da Masallacin Ƙasa, aka shafe fiye da shekara goma sha biyar ana wuce kangon a mota. Har muka yi ba'a cewa namu ne ya fi dacewa da masu yawon buɗe ido, tunda kallo kaɗai ake iya yi masa. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Sai dai laifi tudu ne. Ko da an gama ginin gobe, yaron da ke Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga Disamba 2020, ba Abuja zai je karatu ba. Ɗakin karatun yankinmu bai taɓa zama gini ba. Akwatin ƙarfe ne a zauren malam, da gafaka a rataye, da takardun da kaka ya kwafa da tawada da alƙalamin kara. Kuma ranar da aka ce gari ya watse cikin dare, yara ake ɗauka da ɗan abin da za a ci. Akwatin yakan zauna ya jira gara da ruwan damina.

Da yake mu masu kwamfuta ne, nan take muka ce maganin a hannunmu yake: a ɗauki hoton komai a ɗora a intanet. Sai ɗan Ƙanƙara ya tuna mana Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da namu ukun, aka yi watanni mutum sai ya yi tafiya kafin ya gaida mahaifiyarsa. Littafin da ke intanet kaɗai, a wannan lokacin, da shi da babu duk ɗaya. A wurin aiki ba ma yarda da kwafi ɗaya. Kayan wanda ya ba mu kwangila sai mun ajiye su gida uku, ɗaya nesa da sauran. Shi kansa ɗakin karatun Iskandariyya an ba shi ajiyar kwafin tsofaffin shafukan intanet na Internet Archive saboda wannan dalilin. Amma akwatin kakanninmu kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma ba mu taɓa rasa barci a kansa ba.

Bayan sallah muka je wurin Kawu a Funtuwa, inda yake haya tun da suka baro ƙauye. Shi ya yi sa'a, ya koma da rana ya ɗauko akwatin mahaifinsa a bayan babur. Akwai Ishiriniya, da Iziyya, da Risala, duk rubutun hannu, sai tarin warwararrun takardu na ajami. Muka baje su a tabarma muka yini muna ɗaukar hoto, muna jin kanmu kamar masu ceto. Da la'asar Kawu ya zaro takarda ɗaya ya miƙo.

"To bismillah, a karanta."

Hausa ce, harshen da muka sha a nono, amma uku da digirinmu muka kasa wuce layi biyu. Ashe hotunan nan ɗari huɗu da ke wayoyinmu 'yan'uwan na Iskandariyya ne, mun dai canja ginin da muke tsayawa a gabansa. Kawu ya karɓa ya karanta: lissafin hatsin da mahaifinsa ya rantar wa maƙwabta a wata shekarar yunwa, sunan kowa da damminsa, wasu an ja musu layi alamar ya yafe.

Sai ya duba tulin da muka tara, ya girgiza kai. Takardun ba su da lambar shafi. Marubucin yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowace takarda, da ita ake gane wadda ke bin wata. (Mun san wannan dabarar sarai, da irinta muke jera bayanai a manhaja, kowane yana nuna na gabansa.) Garin gaggawar ɗaukar hoto mun cakuɗa su duka.

Muka zauna gyara. Kawu yana kai takarda kusa da idonsa mai yanar nan, ya faɗi kalmar ƙasa, mu kuma mu bi tulin muna neman mai farawa da ita, muna tambayarsa wannan harafin fa, wancan ɗigon fa. Ɗan Sabuwa ya kunna rikoda ya ajiye wayar kusa da gwiwarsa. Da aka kira magariba takarda goma sha ɗaya muka jera, Kawu ya rufe akwatin ya ce mu dawo ranar Asabar, kuma kowa ya zo da allo.