Fiffike na Uku

Bayan an gama casar dawa a wani ƙauye da ke gefen Kafur, wani saurayi ya ƙudiri aniyar samo wuta daga iska. Ya taɓa bi ta Lambar Rimi, kan hanyar Katsina zuwa Kano, ya ga fankoki 37 da aka kakkafa don su ba da megawat 10. Ya kuma ji labarin William Kamkwamba, yaron Malawi da ya harhaɗa nasa injin da tarkacen keke. Tsarin da ya samu na Hugh Piggott ne, mutumin Scoraig ta ƙasar Sikotland, wanda ya daɗe yana koya wa mutane sassaƙa fukafukan injin iska da katako.

Naɗin wayar tagulla da jera maganaɗisu bai ba shi wuya ba, don ya zauna wurin masu gyaran janareta a Funtuwa. Katako ne ba fanninsa ba. Sai ya nufi gindin tsamiyar da kakansa yake sassaƙa turmi da ƙota.

Tsohon ya juya takardar tsarin, ya sake juyawa. "To abokina, me ya sa gindin fiffiken ya karkace, kan kuma ya kwanta?"

Saurayin ya ce kan fiffike yana gudu kamar ninki shida na iskar da ke kaɗa shi. In iska tana tafiyar kilomita 20 a awa, shi yana yin 120, don haka sai ya zama siriri yana yanka iska. Gindin da ke tafiya a hankali shi ake ba faɗi da karkata. Fuskar da ke kallon iska a shafe take, bayan kuma da ɗan doro.

"Ukun nan fa?"

"Tsawo ɗaya, nauyi ɗaya, Tsoho. Ko kaɗan kada wani ya fi wani."

A Malumfashi ya sami busassun katakai biyu marasa gaɓa. Na uku ya gagara, sai wani da aka yanko kwanan nan. Hunturu ya riga ya kama, kuma ya faɗa wa majalisarsu cewa kafin watan ya fita za su riƙa cajin waya a ɗakinsa. Ya saya, ya cusa shi tsakanin busassun, bai ce wa kowa komai ba.

Gizago ba ya ɓoye wa mai shi magana. Biyun farko sun riƙa zubar da ɓawo busasshe mai naɗewa. Na ukun yana kama baki, sassaƙensa da sanyi a hannu. Tsohon ya ƙwanƙwasa shi da bayan gizago, ya shinshina.

"Wannan da sauran ruwa a jikinsa. Ka bar shi ya sha iska zuwa bazara."

"Haba Tsoho, fenti zai rufe."

Bai ƙara magana ba. Shi ba ya maimaita zance. Da aka ɗora su a sikeli, ɗanyen ya fi nauyi, saurayin ya bi shi da kankara har ya yi daidai da 'yan'uwansa. A nan ɓarnar ta ninku, domin itacen ya rage, ruwan kuma da ma mai tafiya ne.

Aka ɗaga injin a kan dogon bututun ƙarfe, aka ɗaure da wayoyi ta kusurwa huɗu. Ƙwai ya kama. Yara suka yi ta ihu, kakarsa ta rangaɗa guɗa tana cewa maigidanta ya kawo NEPA gida.

Iskar hunturu da ke juya fankar ita ce kuma take tsotse fiffike na uku. Ya yi sauƙi, ya ɗan murɗe, fentin ya tsattsage. Bututun ya fara rawa, ƙusoshi suna kwancewa. Saurayin ya ƙara ɗaure su, ya ce ba komai. Abin da ya sani a takarda ya manta a aikace: in gudun iska ya ninka, ƙarfin da take ɗauke da shi sau takwas yake ƙaruwa. Wani dare iskar ta taso da gaske, fiffiken ya tsage daga gindi, ya fyaɗi bututun, ya tafi da na kusa da shi. Da safe a kan rumbun maƙwabci aka tsinci guntunsa, ya huda jinka.

Da kansa ya yanko ciyawa ya gyara jinkar. Ranar kasuwa ya dawo da katakai uku daga gungume ɗaya, ya ajiye gaban kakansa.

"Ka kai su zaure," in ji tsohon. "Ka ɗaga su daga ƙasa saboda gara, ka sa ƙirare tsakaninsu iska ta ratsa. Duk Juma'a ka auna, ka rubuta a bango da gawayi. Ranar da nauyin ya daina sauka, ka zo ka kira ni."

"In hunturu ya wuce fa?"

"Wani na zuwa. Miƙo wayarka, zan bi ta shagon mai caji. Kuɗin kuma daga aljihunka."